Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kan Titi: Yadda Ake Zama Gwanin Kayan Gini da Hanyoyi Masu Ɗorewa

Bayan ruwa, babu abin da ɗan Adam ke amfani da shi da yawa a duniya kamar kankare. Masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ake saki a sararin samaniya, kuma rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2022 ya ce ana kwasar yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 duk shekara. Ga shi kuwa ba za a daina gini ba, ba za a daina shimfiɗa hanya ba. Shi ya sa kamfanonin gine-gine da masana'antun siminti da hukumomin hanyoyi da bankunan da ke ba da rancen manyan ayyuka duk suke cigiyar mutum iri ɗaya: wanda zai iya rage siminti, ya sake amfani da tsohuwar kwalta, ya yi aiki da ƙasar da ke kusa, kuma abin da aka gina ya tsaya.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce matasa da yawa ke tsallakewa. Sai mutum ya yi kwas na mako biyu a intanet kan gini mai kare muhalli, ya karɓi satifiket, ya ɗauka ya iso. Ni a ganina an fara daga wutsiya. Hanyar da aka tsara ta yi shekara 20 amma ta farfashe a shekara 5, ko da me aka haɗa ta, sai an sake ta sau uku kafin wa'adinta ya cika, kowane karo da sabuwar tsakuwa da sabuwar kwalta da man dizal. Ɗorewa ce kare muhalli ta farko, ita kuwa a ɗakin gwaji da filin aiki ake koyon ta. A kan wannan na jera matakan da ke biye.

Mataki na 1: San inda hayaƙin yake fitowa

Simintin da aka saba da shi, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ana yin sa ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da laka a wani dogon murhu mai juyawa, a zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule shi ne kilinka, shi ake niƙawa da ɗan jifsam ya zama siminti. Mutane suna ɗauka duk hayaƙin daga makamashin da ake ƙonawa yake. Alhali kusan kashi 60 cikin 100 daga jikin dutsen yake fita, domin idan ya gasu sai ya rabu biyu, iskar kabon ta tashi sama. Ko da hasken rana aka gasa shi, wannan kason sai ya fita. Saboda haka duk dabarar da ka ji ana yi a fannin siminti, abu biyu take nema: a rage kilinka a cikin buhu, a rage buhu a cikin kwaɓi.

A hanya lissafin daban ne. Kwaltar da kake gani a titi, kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Baƙin man da ke riƙe su, wato bitumin, bai wuce kashi 5 ko kusa da haka ba. Makamashin yana tafiya wajen busar da tsakuwa da zafafa ta zuwa digiri 150 zuwa 180, sai kuma jigila. Tifar da za ta yi tafiyar kilomita 80 ta kawo fasasshen dutse, alhali akwai burji a kilomita 5 wanda za a iya gyarawa, ɓarna ce babba, kuma ba kasafai ake ganin ta a takarda ba.

Mataki na 2: Zaɓi ƙofar shiga

Babbar ƙofa ita ce digiri a injiniyancin gine-gine da hanyoyi. In kana ciki, darussa uku ka riƙe da hannu biyu: kimiyyar ƙasa, kayan gini, da tsara shimfiɗar hanya. In kana tunanin aiki a wata ƙasa wata rana, duba ko hukumar da ta amince da digirinka tana cikin yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ta sa ƙasashe da dama ke karɓar digirin injiniyan juna.

Amma akwai wasu ƙofofin. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai yana da wuri a masana'antar siminti da ta magungunan kwaɓi. Masanin duwatsu shi ake tura wa neman ramin ɗibar burji da wurin fasa dutse. Mai lissafin kuɗin gini ya riga ya iya rabin lissafin kabon, tunda duka biyun daga adadin kaya suke farawa. Mai difloma kuwa, kada ya raina aikin ɗakin gwaji, don sa hannunsa ake jira kafin a zuba shimfiɗa ta gaba. Haka safiyo da birkila da direban gireda. Direban da zai iya riƙe gangaren titi daidai na tsawon kilomita ba tare da an yi ta gyara masa ba, kamfanoni rububinsa suke yi.

Mataki na 3: Koyi ƙasa da hannunka

Da za a bar ni in zaɓa maka inda za ka yi shekararka ta farko, ɗakin gwajin ƙasa zan kai ka, ko da wanke rariya za ka fara. Gwaje-gwaje huɗu ne ginshiƙi, kuma a jere ake koyon su.

Na farko tankaɗe. Ana busar da ƙasa, a auna, a zuba a jerin rariya daga mai manyan idanu har zuwa mai milimita 0.075. Abin da ya wuce ta ƙarshen shi ne laka da lallausan gari. Ƙasar da ke da kowane girma, manya da matsakaita da ƙanana, ita ke daɓuwa da kyau, domin ƙanana suna cike gurbin da ke tsakanin manya.

Na biyu gwajin Atterberg, wanda ya samo asali daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin a 1911. Za ka kwaɓa lallausan ɓangaren, ka murza shi a kan gilashi da yatsu har ya zama zare mai kaurin milimita 3. Inda zaren ya fara tsattsagewa, nan ne iyakar laushinsa. Wanda ya yi wannan da yawa, daga baya da ya damƙi ƙasa a bakin rami zai iya gaya maka ko za ta kumbura in ta sha ruwa, kafin ma a kai ta awo. Wannan sanin ba a littafi ake samun sa ba.

Na uku gwajin Proctor na 1933. Abin da yake nunawa shi ne kowace ƙasa tana da wani adadin danshi da take daɓuwa a kansa fiye da kowane. In ta bushe da yawa ba ta haɗuwa, in ta jiƙe da yawa sai ta riƙa motsi a ƙarƙashin rola. Ana cusa ta a gwangwanin ƙarfe, a daka da guduma mai kilo 2.5 ko 4.5, a maimaita da danshi iri-iri, a zana sakamakon. Ƙololuwar zanen ita ce ma'aunin da za a bi a fili.

Na huɗu CBR, wanda hukumar hanyoyi ta Kalifoniya ta ƙirƙiro. Ana daɓe ƙasa, a jiƙa ta cikin ruwa kwana 4, sannan a danna mata sandar ƙarfe a ga ƙarfin da ta jure idan aka kwatanta da fasasshen dutse. Galibin ƙa'idoji suna neman kashi 80 cikin 100 na ƙarfin dutsen ga shimfiɗar da ke ƙarƙashin kwalta kai tsaye, da 30 ga wadda ke ƙasa da ita. Jiƙawar kwana huɗun nan kada ka taɓa yarda a gajarta ta. Ita ce ke gaya maka halin da hanyar za ta shiga a tsakiyar damina.

Daga nan sai fili. Rola ta gama bi, shugaban leburori yana tsaye yana duba agogo, tifofi sun yi layi da kayan shimfiɗa ta gaba. Kai kuma ka durƙusa, ka aza farantin ƙarfe, ka haƙa rami mai zurfin shimfiɗar, yawanci milimita 150, ka tattara duk ƙasar da ta fito a leda ba tare da ƙwaya ta zube ba, ka cika ramin da yashin da aka san nauyinsa, ka yi lissafi. Ƙa'ida ta ce kashi 95 na ƙololuwar gwajin Proctor, kai ka samu 91. Zai ce maka, "Injiniya, rola ta bi sau goma, duba ka ga yadda ta yi sumul." Amsarka ita ce a farfasa, a yayyafa ruwa, a sake bi. Sumul ɗin sama ba ya nuna abin da ke ciki. Ka kuma koyi aiki da DCP, sandar ƙarfe mai tsini da ake sako wa guduma mai kilo 8 daga tsayin milimita 575 ana ƙirga yadda take nutsewa. Mutum biyu ko uku za su iya auna ƙarfin hanya mai tsawo da ita a yini ɗaya.

Ga inda wannan ya haɗu da kare muhalli. Wanda ya san ƙasa ba ya saurin cewa a kwashe a zubar. Laka mai danƙo ana gyara ta da gasasshiyar farar ƙasa, burji mai rauni da yashi ana gyara su da ɗan siminti, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na nauyi. Sai dai a kula da abu uku. Siminti in ya yi yawa shimfiɗar tana tsagewa, tsagar kuma ta hau har kan kwalta. Ƙasa mai gishirin salfet tana kumbura in aka zuba mata farar ƙasa. Ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye ba ta kama siminti. Kowanne gwaji ne ke tona shi.

Sanin nan ne kuma ke buɗe maka ƙofar tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Injin hannu na CINVA-Ram an ƙera shi a Kolombiya a shekarun 1950, kuma har yau ana aiki da ire-irensa. Ana haɗa ƙasa mai yashi da siminti kashi 5 zuwa 8, a matse, a rufe a inuwa ana ba shi danshi har kusan mako 4. Ba a gasa shi, don haka ba a sare itace saboda shi. Cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa tun 1979 take koyar da wannan fanni, kuma Francis Kéré, wanda ya gina makarantar Gando a Burkina Faso da tubalin ƙasa, ya ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta zanen gine-gine, a 2022. Sharaɗin tubalin biyu ne: tushe ya ɗaga shi daga danshin ƙasa, rufi kuma ya zarto ya kare shi daga ruwan sama.

Mataki na 4: Kankare, sannan abin da ke maye gurbin siminti

Tun 1918 Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka zuba a kan siminti. Ruwa ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Ma'aikata kuwa sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, kuma in ka juya baya wani zai jawo tiyo. Daga nan sai a ƙara siminti don a rufe giɓin. Yawancin simintin da ake ɓarnatarwa ta wannan hanya yake tafiya. Maganin shi ne sinadarin sassauta kwaɓi, wanda ke sa kankare ya gudana ba tare da ƙarin ruwa ba, da kuma tsakuwa mai girma iri-iri.

Koyi gwajin zubewar kwaɓi har ya zama maka jiki. Mazurari ne mai tsayin milimita 300, ana cika shi kashi uku, kowane kashi a soka sandar ƙarfe sau 25, a ɗaga a hankali, a auna yadda kwaɓin ya sauka. Sai zuba samfuri a akwatuna masu milimita 150, a ajiye cikin ruwa, a fasa a kwana 7 da kwana 28. A simintin da aka saba, ƙarfin kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28. Ban-ruwa kuma, aƙalla kwana 7. Dakalin da aka bari ya bushe a rana washegarin zubawa ya yi asarar ƙarfin da aka riga aka biya kuɗinsa.

Sai ka iya wannan sannan ka shiga maye gurbi. Dabarar tsohuwa ce, da tsohuwar zuma kuma ake magani: Rumawa da tokar dutse mai aman wuta suka haɗa kankarensu, ginin Pantheon da ke birnin Roma yana tsaye kusan shekara 1,900. Yau ana amfani da tokar tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal, da niƙaƙƙen dattin da ke fita daga murhun narka ƙarfe, da tokar buntun shinkafa. Ita wannan ta ƙarshe tana da sharaɗi: sai an ƙona ta a zafin da aka tsare, kusan digiri 700 ko ƙasa da haka. Wadda aka cinna wa wuta a fili ba ta da wani amfani sosai.

Abin da nake ganin ya fi cancanta matashi ya zuba lokacinsa a kai shi ne LC3, simintin gasasshiyar laka da dutsen farar ƙasa. Jami'ar EPFL ta Suwizalan ce ta jagoranci bincikensa ƙarƙashin Farfesa Karen Scrivener, tare da masana daga Kuba da Indiya. Haɗin ya ƙunshi kilinka kashi 50, gasasshiyar laka 30, dutsen farar ƙasa 15, jifsam 5. Lakar a kusan digiri 800 ake gasa ta, kuma ba ta sakin kabon daga jikinta kamar dutsen, shi ya sa hayaƙin kan ragu har zuwa kashi 40 cikin 100. Dalilin fifita shi a fili yake: ana ta rufe tashoshin kwal, tokarsu za ta yi ƙaranci, laka kuwa tana kusan ko'ina. Wanda ya iya gane lakar da ta dace, mai isasshen kawolin (wani nau'in farar laka) a ciki, zai daɗe ana neman sa.

Ka sani cewa kwaɓi mai toka ko dattin ƙarfe yana jinkirin yin ƙarfi a kwanakin farko. Yana son ban-ruwa mai tsawo, ba a saurin cire masa katako, wani lokaci ma a kwana 56 ake yanke masa hukunci. Fasasshen tsohon kankare da ake mayarwa tsakuwa yana shan ruwa fiye da dutse, sai an gyara lissafi. Yashin teku da ba a wanke ba kuma gishirinsa yana cinye rodi daga ciki.

Mataki na 5: Kwalta

Fara da tsarin Marshall, wanda Bruce Marshall ya fito da shi a Misisifi a 1939. Ana haɗa samfura da bitumin kashi daban-daban, a daka kowace fuska sau 50 ko 75, a gwada a zafin digiri 60, a nemi haɗin da ya bar gurbin iska kashi 3 zuwa 5. Bitumin ya yi yawa, tayoyi su yi kwari a titi lokacin zafi. Ya yi kaɗan, tsakuwa ta fara zubewa. Bayan shi ka karanta Superpave, wanda ya fito daga binciken da Amurka ta yi tsakanin 1987 da 1993, yana zaɓen bitumin bisa zafi da sanyin wurin da za a yi hanyar.

Tsohuwar kwalta dukiya ce. Inji yana kankare ta, a niƙa, a tankaɗe, a mayar cikin sabon haɗi, galibi kashi 10 zuwa 30, fiye da haka ma in akwai man da ke farfaɗo da tsohon bitumin. Aikinka shi ne ka auna yawan bitumin da ke cikinta da yadda ya taurare, ka kuma tabbatar an tara ta a inda ruwa ba ya kwanciya. Akwai kuma haɗi mai ɗumi, wanda ake yi a zafin da ya gaza na kullum da digiri 20 zuwa 40: man ƙonawa ya ragu, hayaƙin da ma'aikata ke shaƙa ya ragu. Ko wanne ne, ma'aunin zafi ya kasance a aljihunka. Kwaltar da ta huce a bayan tifa ba za ta daɓu ba, ko rola nawa aka kawo.

Garin tsohuwar taya an daɗe ana sa shi a bitumin, tun aikin Charles McDonald a birnin Phoenix a shekarun 1960, kuma an san halinsa. Leda da roba kuwa, wadda Rajagopalan Vasudevan ya yi fice a kanta a Madurai ta Indiya, ana yayyanka ta ne a zuba a kan tsakuwa mai zafi ta lulluɓe ta. Ba a sa nau'in PVC, don yana fitar da iska mai guba in ya yi zafi. Ni dai ina ba ka shawara ka bi ta da natsuwa. Har yanzu ana bincike a kan ƙananan ɓurɓushin robar da ruwa ke wankewa, da kuma ko za a iya sake niƙa irin wannan kwalta. Titi bai kamata ya zama juji don kawai labarin yana da daɗin ji ba.

Kada ka manta da hanyoyin karkara masu ƙarancin motoci, inda aiki ya fi yawa. Shimfiɗar Otta, wadda aka fara a Norwe a shekarun 1960 kuma Botsuwana ta yi amfani da ita sosai, fesa bitumin mai laushi ce a zuba burjin wurin a kai a bi da rola. Ba ta buƙatar masana'antar kwalta.

Mataki na 6: Ruwa da lodi

Tun farkon ƙarni na 19 John McAdam ya ce ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗauke da hanya, muddin an bar ta a bushe. Har yau maganar ba ta tsufa ba. Titi mai kwalta yana son gangaren kusan kashi 2.5 cikin 100 daga tsakiya zuwa gefe, na burji ya fi haka. Koyi lissafin girman kwalbati da magudanar ruwa, kuma ka tuna alƙaluman ruwan saman da aka tattara shekaru da yawa baya ba lallai su dace da yanayin yanzu ba.

Lodi kuwa, gwajin AASHO da aka yi a Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna abin da ya kamata kowa ya haddace: in nauyin da ke kan aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa kusan sau 16. Ma'aunin aksil ɗaya kusan tan 8 ne. Ke nan babbar mota ɗaya da ta ɗora tan 16 a kan aksil ta yi ɓarnar motoci goma sha shida masu tan 8 a kan aksil. Mai ƙirga motoci da mai kula da sikelin hanya suna cikin wannan sana'a dumu-dumu. Haka mai toshe tsaga kafin ruwa ya shiga, tunda rigakafi ya fi magani. In wannan ɓangare ya ja hankalinka, nemi sanin ma'aunin gargadar hanya na IRI da manhajar HDM-4 da ake tsara kuɗin gyaran hanyoyi da ita.

Mataki na 7: Yanzu ka koyi lissafin kabon

Yanzu satifiket zai yi maka amfani, don ka san abin da lambobin ke nufi. Lissafin tasirin kaya tun daga haƙowa har zubarwa yana bin ƙa'idojin ISO 14040 da 14044. Takardar da masana'anta ke bayarwa ta bayyana kabon ɗin kayanta, wato EPD, tana bin ISO 14025. Fara da ƙaramin misali a Excel. A ce kubik mita ɗaya ta kankare tana cin siminti kilo 350, a ce kowane kilo yana ɗauke da kabon kilo 0.9, ka samu 315. Maye kashi 30 da toka, sake lissafi, sannan ka ƙara jigilar tokar. Wani lokaci nisan da aka ɗauko ta yana cinye wani ɓangare na ribar. Sannan ka raba jimillar da shekarun da ginin zai yi, nan ne za ka ga abin da ɗorewa ke yi wa lissafi.

Manhajojin QGIS, ta taswira, da openLCA, ta lissafin tasirin kaya, kyauta ne. Civil 3D ana nemansa a ofisoshin zane. A gine-gine akwai tsare-tsaren ba da shaidar gini mai kare muhalli, BREEAM da LEED da EDGE, na ƙarshen yana neman a rage kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa da abin da kayan gini suka ci. Ga mai aikin gwaji, shaidar ACI, Cibiyar Kankare ta Amurka, ta gwajin kankare a fili tana da daraja, haka gogewa a ɗakin gwajin da ke da amincewar ISO/IEC 17025. Ka kuma karanta sharuɗɗan kwangila na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, domin komai kyan sabon haɗi, in takardar kwangila ba ta ba shi dama ba, ba za a zuba shi ba.

Mataki na 8: Tara shaida, tsare amana

Buɗe littafin aiki tun ranar farko: kwanan wata, wurin, gwajin da ka yi, sakamako, abin da aka yanke, sa hannun wanda ke sama da kai. Hukumomin rajistar injiniyoyi suna neman shaidar shekarun gogewa, masu ɗaukar aiki kuma sun fi sauraren wanda zai ce ga burjin da na ɗaga CBR ɗinsa daga kaza zuwa kaza da siminti kashi 3, fiye da mai tarin takardun halartar taro.

Akwai ranar da za a kira ka gefe a ce, "Malam, ɗan gyara mana lambar nan, ai bambancin kaɗan ne." Wannan rana tana zuwa wa kowa a sana'ar nan, kuma ina roƙonka ka shirya mata tun yanzu. Rubuta sakamakon yadda ya fito, ka ba da mafita: a sake gwaji, a huda a ciro samfuri daga jikin aikin, a sake daɓe. Ka sanar da na sama da kai a rubuce. Gada da titi mutane ne ke bi, ciki har da waɗanda ba su san da wanzuwarka ba.

Ka tsare jikinka ma. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu ta haifar da cutar da ba ta warkewa, ɗanyen kankare yana ƙona fata, kwalta mai zafi ba ta da sauƙi. Takunkumi da safar hannu da takalmin aiki da hular kwano ba ado ba ne.

Mataki na 9: Kai sabon haɗi daga ɗaki zuwa titi

A nan ake bambanta mai sani da gwani. Ka samo haɗin da ya yi kyau a ɗakin gwaji, ko tsohuwar kwalta kashi 30, ko burjin da aka gyara. Kada ka nemi a shimfiɗa shi a duk hanyar, ba za a yarda ba, kuma daidai ne a ƙi. Nemi a ba ka ɗan yanki, mita 200 ko 300, kusa da wani yanki da aka yi da haɗin da aka saba, a kan ƙasa iri ɗaya, motoci iri ɗaya suna bi. Tun kafin a fara ku amince a rubuce kan abin da za a auna da wanda zai ɗauki nauyin gyara in bai yi ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Ranar shimfiɗa ka rubuta komai: danshi, zafi, sau nawa rola ta bi, kaurin shimfiɗa, har yanayin gari. Kafa alamu a gefen hanya don kada yankin ya ɓace maka. Sannan ka riƙa dawowa duk bayan wata 6, musamman a ƙarshen damina, da sandar awo mai mita 2 don auna kwarin tayoyi, da DCP, da kyamara, kana ɗaukar hoto daga wuri ɗaya kowane zuwa. Bayan damina biyu ko uku sai ka haɗa rahoto mai shafuka kaɗan, yankunan biyu gefe da gefe, da kuɗin kowanne da kabon ɗinsa, har da wuraren da naka ya gaza. Kai wa hukumar da ke rubuta ƙa'idojin hanya, ka kuma gabatar a taron ƙungiyar injiniyoyi, ka nemi a ba ka kilomita ɗaya a aiki na gaba.